Koren Kwabon Geta

Spokane, 9 ga Afrilu, 1994

Yaya Gudrun,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Wendell da yara. Ya haƙuri? Ni dai har yau ba wanda ya yi mini gaisuwar ubana, tunda a Duluth ba a san yana da ɗa ba.

Gwaggo Borghild ce ta aiko mini da guntun jaridar, kwana goma sha biyu bayan an binne shi. A tsaye na karanta, bakin akwatin wasiƙu: "Sigurd Halvorsen, mai gyaran jiragen ruwa, ya rasu ya bar 'ya ɗaya da jikoki uku." Na sake karantawa, ko idona ne ya tsallake layi. Sai kuma ga katin da kuka raba a coci. Na san hoton nan sarai, Mama ce ta ɗauke mu a bakin tafki, Baba a tsakiya, ke a dama, ni a hagu. Kin sa almakashi kin cire ni, amma aikin naki bai yi tsafta ba, Yaya. Hannun Baba yana nan a kan wata kafaɗa mai jar riga, kafaɗar ba kai.

Na san shekara goma sha ɗaya ban taka gidan ba. Na san abin da na faɗa masa ranar da na ce ba zan gaji wurin gyaran jiragen ba, na kuma san abin da ya mayar mini. Wannan tsakanina da shi ne, ba ki da hurumin yanke mana hukunci.

Ba gidan nake nema ba, ba motar ba, ba ko cokali ɗaya ba. Abu guda nake so. A akwatin katakon da Baba yake ajiye tsoffin kuɗin Rumawa, aljihu na uku, akwai kwabon tagulla kore shar, mai hoton wani matashin sarki, Geta. Satin da aka haife ni Baba ya saye shi. Kullum ya ɗauko shi sai ya ce, "Ga autan gida nan, dubi hancinsa, taurin kai kamar wani da na sani." Ki aiko mini da shi a cikin ɗan ambulan ɗinsa na takarda. Kin san Baba, kowane kwabo da ambulan ɗinsa, a gaba sunan sarki, a baya dalilin da ya sa ya saya, kuma in wani abu ya faru yakan ƙara layi. Ina so in ga ko ya ƙara wani abu a bayan nawa.

Na bar ki lafiya.

Ƙaninki, ko kin so ko kin ƙi,
Orrin

*

Duluth, 24 ga Afrilu, 1994

Orrin,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso. Muna nan lafiya, mun gode.

Zan amsa maka abu uku, a jere.

Na farko, jarida. Matar da ke karɓar sanarwa ta tambaye ni, "'Ya'yansa nawa?" Na yi tunanin shekara huɗun da ya yi a kwance. Na yi tunanin wanda ya juya shi sau huɗu a yini don kada bayansa ya yi gyambo, wanda ya aske shi, wanda ya wanke zannuwan gado. Na ƙirga, na samu ɗaya. Abin da na faɗa mata ke nan.

Na biyu, hoto. Da almakashin ɗinkin Mama na yanke shi, kuma hannuna bai yi rawa ba. Kafaɗar da ka gani na bar ta ne don ban so in taɓa yatsun Baba.

Na uku, kwabo. Ƙungiyar masu tara tsoffin kuɗi za ta yi baje kolinta a zauren laburare ranar Asabar ta farko a Oktoba. Sun ba ni babban tebur da sunan Baba, daga nan kuma akwatin gaba ɗaya zai zama kyauta ga ƙungiyar. Kwabbai ɗari biyu da goma sha biyu ne, ni nake shirya su da kaina. Ba wanda zai fita daga ciki ya tafi Spokane.

Sau biyu na buga maka waya a watan Janairu, lokacin da likita ya ce a kira na nesa. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ban buga na uku ba, kuma ban yi nadama ba.

Ka huta lafiya.

Gudrun Halvorsen Tofte

*

Spokane, 3 ga Mayu, 1994

Yaya Gudrun,

Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gaishe da almakashin Mama.

Sau biyu! Sannu da ƙoƙari. A Janairu ina can kan hanya ina tuƙa babbar mota, kin sani, kuma lambar ofishinmu tana hannunki tun bikin 'yarki Ingrid. Ko kati ɗaya na kwabo ashirin ba ki iya jefawa a akwati ba. So kika yi ya mutu ke kaɗai a gefensa, kin kuwa samu.

Buɗe ƙullin da ke cikin wasiƙar nan. Kyauta ce, ki riƙe. Kwabo ne na wani gari a ƙasar Rumawa, na saye shi a gwanjo shekara shida da suka wuce. Ki kai shi bakin taga ki duba. A gefe ɗaya akwai kan mutum, wannan Karakalla ne, babban wa. A ɗaya gefen, inda ya kamata a ga ƙaninsa Geta yana fuskantarsa, ba komai sai rami, an sa kurfi an kankare. Sarauta ubansu ya bar musu su biyu. Wan ya sa aka kashe ƙanin a hannun uwarsu, sannan ya ba da umarni a bi duwatsu da hotuna, har da kuɗi irin wannan, a share fuskarsa. Amma ki lura da kyau, a ƙasan ramin akwai ragowar wuya da kafaɗa. Su ma aikinsu bai yi tsafta ba.

Ke ba ki taɓa gane abin da ya sa muke tara waɗannan abubuwa ba. Kina ganin tarkace ne. Kowa da abin da yake nema a ciki. Madam Lindqvist ungozoma, sarauniyoyi masu goyo kawai take saye. Tsohon ɗan sandan nan Kowalczyk, sai sarakunan da dogaransu suka kashe, wai don ya riƙa tuna kada ya yarda da abokin aiki. Baba kuwa ba ruwansa da zinariya, tagullar da ta sha hannu yake so, yana cewa, "Wannan wani talaka ya sayi burodi da shi." Ni ma tun da na bar gida nake tara nawa, na waɗanda danginsu suka share su. Ina da goma sha tara. Da ban san dalilin da ya sa nake bin su ba, ke kika fahimtar da ni.

To ga abin da zan yi. Na rubuta wa Baffa Ettore Pellegrino, sakataren ƙungiya, na roƙe shi ya ba ni tebur kusa da naki. Zan jera sha taran nan, a tsakiya in sa hoton bakin tafki cikakke, domin ina da nawa, kusa da shi kuma katinki na coci. Ba zan ce uffan ba. Mutanen da za su zo zauren nan da gilashin ƙara girma suke yawo a aljihu, ba sa bukatar bayani.

In kwabona ya iso kafin Oktoba, da ambulan ɗinsa, na fasa zuwa.

Sai mun haɗu,
Orrin

*

Duluth, 6 ga Satumba, 1994

Ɗana Orrin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yafe mini jinkirin amsa, gwiwar nan ce ta kwantar da ni rabin bazara, kuma gaskiya ban san me zan ce maka ba. Shekara arba'in muna zama da mahaifinka ranar Laraba muna musu a kan sarakunan da suka mutu tun kafin a san da kakanninmu. Ba zan ba ka tebur ka tozarta 'yarsa ba. Wannan ka cire shi daga ranka.

Amma akwai abin da ya fi wannan, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai kai.

Jiya na je gidan in taya Gudrun rubuta sunayen sarakuna. Ta tarbe ni da kofi da burodin kirfa, fuskarta a sake, rabon da in ga haka tun kafin ciwon Sigurd. Ta ce, "Baffa, rufe idonka, sai na ce ka buɗe." Ta ja ni har ɗakin cin abinci kamar makaho. Ta ce, "To buɗe!"

Orrin, ta wanke su. Duka. Ta fitar da su daga ambulan, ta jiƙa su a ruwan tsami, ta bi su da man goge tagulla da soson ƙarfe. Suna nan jere a kan farin ƙyalle, jajaye, suna walƙiya kamar gindin sabuwar tukunya. Koren nan da shekara dubu da ɗari takwas suka shimfiɗa, wanda mahaifinka ko da yatsa ba ya yarda a taɓa sai ta gefe, babu shi. Da ya tafi kuwa ya tafi da rabin fuskokin, saura duk ramuka. Kwabon sarki Hadriyan ɗin nan da na yi shekara ashirin ina roƙonsa ya sayar mini, da ƙyar na gane gemunsa.

Ta ce, "Sati bakwai na yi. Dubi hannuna." Yatsun duk sun tsage. Ta ce, "Ka san a ƙarshe idonsa ba ya gani, shi ya sa ya bar su suka yi datti haka. Ba zan bari mutane su ce kayan Baba da tsatsa ba. Yaya ka gani?"

Na ce, "Gudrun, kin sha aiki."

Ta ce, "Ai kuka kake yi, Baffa!"

Na ce, "Tsufa ne, 'yata." Na nemi kujera na zauna.

Da na dawo hayyacina na ƙirga, ɗari biyu da sha ɗaya. Na ce ina ɗaya? Nan take fuskar ta ɗaure. Ta ce, "Na wancan ne. Yana cikin aljihun tebur da ambulan ɗinsa. Ba zan ɓata man gogena a kansa ba, ya zauna da dattinsa." Na roƙa ta nuna mini, ta ɗaga shi daga nesa. Yana nan yadda ka san shi, kore shar, ko ƙwarzane babu. Ƙiyayyar da take maka ce ta tsirar da shi. Na hango rubutu a bayan ambulan ɗin, layukan ƙasa da wata tawada daban, hannun yana rawa. Na miƙa hannu, ta mayar aljihu ta rufe.

Yanzu ka saurare ni da kyau. Ni zan san yadda zan yi da baje kolin. Zan ce zauren ya yi kaɗan, ko in ce a ɗaga sai baɗi, in yi ta ɗagawa har a manta. Ba sai ta san abin da ta yi ba, don in ta sani ban san yadda za ta ɗauka ba. Kwabon naka kuwa a wurinta ba shi da wata daraja, datti ne. Ka bar ni da ita. Kafin Kirsimeti zan ce ta ba ni shi in jefar mata, in sa a ambulan in aiko maka. Abu ɗaya nake roƙonka, ka yi shiru. Na san bakinka, irin na ubanka ne. Ka kama shi wata uku kacal.

Allah ya jiƙan Sigurd, ya shirya abin da ya bari.

Baffanka,
Ettore Pellegrino

*

Spokane, 12 ga Satumba, 1994

Yaya Gudrun,

Barka da aiki. Na ce barka da aiki! Ya yatsu? An ce sun tsage, Allah ya sawwaƙe.

Labari ya iso ni. Kada ki ga laifin Baffa Ettore, shi roƙona ya yi in rufa miki asiri. Na kwana biyu ina gwadawa. Na ɗauko katin cocin nan na sake kallon kafaɗata, sai na ga ba zan iya ba, kuma ba na so in iya.

Na fasa zuwa Duluth. Teburin me zan nema kuma? Duk abin da na shirya yi miki bai kai rabin abin da kika yi da hannunki ba.

Bari in koya miki abin da Baba ya koya mini, tunda ke lokacin da yake bayani kina can kina cewa ɗakin yana warin tsohon ƙarfe. Koren nan ba datti ba ne. Shi ne kwabon. Ƙasa ce take saƙa shi a hankali, shekara bayan shekara, ya riƙe ido da gashi da harafi yadda maƙerin ya buga su. Ba a sayensa, ba a mayar da shi. Mai tara kuɗi zai yafe miki in kin sace masa kwabo, amma ba zai yafe miki in kin goge shi ba. Kin tuna ranar da Mama ta ɗauki tsumma za ta share masa akwatin, ya taso da gudu har ya ture kofi? Kina wurin, dariya kika yi.

Shekara arba'in da biyar yana tara su, ɗaya bayan ɗaya, yana hana kansa sabon kwat. Ke kuma sati bakwai. Hadriyan ya tafi. Kwabon sarki Nero mai jirgin ruwan nan da ya saya ranar da ya buɗe wurin aikinsa ya tafi. Sarauniya Faustina, wadda ya saya satin da aka haife ki, na tabbata ita kika fi ba ƙarfi, don taki ce. Je ki ɗauko ta ki nemi idonta.

Kin san abin da ya sa Baffa Ettore ya yi kuka? Ba daɗi ne ya kama shi ba. Kin san abin da ya sa zai zo ya ce miki zaure ya yi kaɗan? Don kada Madam Lindqvist ta tsaya gaban teburinki ta dafe ƙirji, kada Kowalczyk ya cire hularsa kamar a makabarta.

Kin juya shi sau huɗu a yini, na ji, kin faɗa. Amma abin da ya fi so a duniya bayan Mama, ke kika kashe shi, 'ya ɗaya tilo. Ni fuskata kawai kika yanke a hoto. Shi kin kankare masa ɗari biyu da sha ɗaya.

Abin dariyar, guda ɗaya ne ya tsira a duk gidan, nawa. Duk abin da ya rage na Baba a duniya yanzu yana cikin aljihun teburinki, kuma sunana ne a kai. Ki aiko mini da shi ya zo hannun wanda ya san darajarsa. Ki riƙe shi ta gefe in za ki ɗauka.

Yau zan ci abinci da daɗi.

Ƙaninki,
Orrin

*

Duluth, 21 ga Satumba, 1994

Orrin,

Ina gaishe ka, don haka aka saba.

Ranar Litinin Gudrun ta zo gidana da wasiƙarka a jaka. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Baffa, gaskiya ne?" Na fara kame-kame. Ta ce, "Kada ka yi mini abin da ake yi wa yara. E ko a'a?" Na ce e. Ta ce, "Ba a gyarawa?" Na ce ba a gyarawa. Ta daɗe tana kallon yatsunta, sannan ta ce, "Ashe da ya ce kada in taɓa, ba rowa yake mini ba." Ta janye teburin daga baje kolin da kanta. Wendell ya ce tun ranar ba ta fita daga ɗakin Sigurd ba.

Na tambaye ta kwabon naka. Ta ce, "Wannan ni zan aika masa."

Wata uku na roƙe ka, ka ba ni kwana shida. Kada ka sake rubuto mini a kan wannan magana.

Ka zauna lafiya.

E. Pellegrino

*

Duluth, 1 ga Oktoba, 1994

Orrin,

Bayan gaisuwa, na gode da darasi. Ka iya bayani, na fahimci komai.

Ga kwabonka. Yau ce ranar baje kolin, tunda ba ni da inda zan je, sai na zauna da shi a bakin taga. Na riƙe shi ta gefe, yadda ka ce. Sauran cikin rashin sani na goge su, wannan kuwa na san abin da nake yi, shi ya sa na ba shi lokaci. Hancin ne ya fi ba ni wahalar kankarewa. Na bar maka wuya da kafaɗa.

Na haɗo da wanda ka ba ni kyauta, ka jera su tare.

Ambulan ɗin yana wurina. Ka yi daidai, ya ƙara rubutu a baya, layi huɗu, a watan Janairu. Ni na riƙe masa takardar yana rubutawa. Da sunanka ya fara.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Gudrun